Ta Wace Hanya? Lacca Kan Gwajin Mahaɗi a Binciken Sanadi, da Misalin Bakolori



 Batun da zan yi magana a kai na masana ƙididdiga ne, kuma wanda ya ji shi daga nesa zai ɗauka ba ruwan manomin Bakura ko mai gumin shinkafa a Maradun da shi. Ina fata kafin mu tashi za ku yarda cewa suna da ruwa da tsaki a ciki.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan kowa ya yarda da shi. Amma mai bincike tambaya biyu ce a gabansa. Ta farko: shin wannan abu ne ya haddasa wancan? Ta biyu: in har shi ne, ta wace hanya ya bi? Abin da ke tsakanin sanadi da sakamako, wanda sanadin ke taɓawa, shi kuma ya je ya taɓa sakamakon, shi zan riƙa kira mahaɗi. Dabarun da ake bi a gane ko mahaɗin gaskiya ne ko zato ne kawai, su ne aikinmu na yau. A ganina tambaya ta biyu ita ke nuna wa hukuma inda za ta zuba kuɗi, kuma a kanta ne kundayen binciken ɗalibanmu suka fi yin tuntuɓe.

Mun ga amfaninta a wajen maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar ƙananan yara na ta mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare. Sama da yara 400 suka rasu. Da an tsaya a kan cewa haƙar zinare ce ke kashe yara, da abin yi ɗaya ne, a hana haƙa, kuma duk wanda ke zauren nan ya san wuyar raba talaka da abin da yake ci. Sai aka bi sawun abin daki-daki. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da dalma. Ana kawo shi cikin gida a daka a niƙa. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, dalma ta shiga jini. Da aka gane haka sai aka kankare ƙasar saman gidaje aka zuba sabuwa, aka nemi a fitar da niƙa bayan gari, sannan aka ba da maganin fitar da guba. Likitocin sun nace sai an share gari kafin a fara magani, domin yaron da aka wanke wa jini in ya koma tsakar gidan nan gubar za ta dawo. Shi ya sa yaran Bagega suka jira har 2013, lokacin da aka share garinsu. Ƙasar tsakar gida ita ce mahaɗi, kuma gane ta ne ya ceci rayuka.

To mu dawo gida. An kammala dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina shi. An tsara ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, tafkinsa ya mamaye kadada kusan 8,000, aka kuma yi niyyar ban-ruwa ga kadada wajen 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Dattawanmu ba su manta da abin da ya faru a watan Afrilu na 1980 ba, lokacin da 'yan sanda suka far wa manoman da ke neman diyyar gonakinsu, kuma har yau adadin da gwamnati ta bayar na waɗanda suka rasu da wanda mutanen yankin ke faɗa sun yi hannun riga. Allah Ya ji ƙansu. A 1985 wani masani ɗan Ingila, William Adams, ya wallafa bincikensa kan fadamun da ke ƙasa da dam ɗin, ya nuna cewa ambaliyar da ke jiƙa su duk shekara ta ragu, manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, kifi kuma ya yi ƙaranci. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, wanda gyaran Bakolori na cikinsa. Aikin da aka biya shi da dukiya da jini irin wannan ya cancanci a tambaye shi: me ka yi wa mutane, kuma ta yaya?

Bari mu ɗauki tambaya ɗaya mu riƙe ta har ƙarshe. Shin samun ruwan kanal na ƙara wa yaran gida lafiya? Za mu auna lafiyar da abin da kowace uwa ta sani a asibitin sha-ka-tafi, wato ɗan zaren nan mai launi uku da ake naɗa wa yaro a dantse. In bai kai santimita 11.5 ba, ja ne, tamowa ta yi tsanani. Hankali na nuna hanya biyu a ƙalla. Ruwa ya ba da noman rani, noman rani ya ƙara buhunan shanshera, buhuna suka ƙara abinci da kuɗin magani. Ruwan dai kuma ya kwanta a fangali, sauro ya hayayyafa har cikin rani, zazzaɓi ya kama yaro, yaro ya rame. Sanadi ɗaya ne, amma wata hanya na ɗaga yaro, wata na kayar da shi.

Ɗan Adam ya daɗe yana kuskuren mahaɗi. Shekaru aru-aru mutanen Turai sun san zama kusa da fadama na kawo zazzaɓi, amma sun ɗora laifin a kan iskar wurin. Sai a 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin marasa lafiya a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gan ta a cikin sauro a Indiya. Daga nan ne gidan sauro ya tashi daga abin neman barci mai daɗi ya zama rigakafi. Ta ɓangaren lissafi kuwa, Sewall Wright na Amurka ne ya fara zana sanadi da kibau yana ɗora lamba a kan kowace kibiya, a wata maƙala ta 1920. Ƙa'idarsa ita ce ginshiƙin duk abin da zan faɗa: in hanya ta ratsa ta mahaɗi, ƙarfinta shi ne ƙarfin zango na farko a ninka da ƙarfin zango na biyu.

Hanyar da ta fi yaɗuwa a jami'o'inmu ita ce ta Reuben Baron da David Kenny, masana halayyar ɗan Adam, wadda suka wallafa a 1986. Mataki huɗu suka shimfiɗa. Ka fara nuna cewa ruwan kanal na da alaƙa da kaurin dantsen yaro. Sannan ka nuna yana da alaƙa da yawan buhuna. Sannan ka nuna cewa a tsakanin gidajen da suke daidai ta fuskar ruwa, mai buhuna da yawa yaransa sun fi kauri. Daga ƙarshe ka duba: bayan an sa buhuna cikin lissafi, alaƙar ruwa da dantse ta ragu ko ta ɓace? In ta ɓace aka ce mahaɗin ya ɗauke tasirin duka, in raguwa ta yi aka ce ya ɗauki wani kaso.

Tsari ne mai daɗin koyarwa, shi ya sa ya karɓu. Amma ku dubi abin da zai yi wa tambayarmu. Lambobin da zan kawo yanzu na allo ne, don koyarwa na tsara su, kada wani ya rubuta su a matsayin sakamakon bincike. A ce ruwan kanal na ƙara wa gida buhu 10 a shekara, kowane buhu kuma na ƙara wa dantsen yaro milimita 0.3. Goma sau 0.3, milimita 3 ke nan ta hanyar abinci. A ce kuma ruwan na ƙara wa yaro zazzaɓi sau 2 a shekara, kowane kamu na rage masa milimita 1.5. Ragin milimita 3 ke nan ta hanyar sauro. In ka haɗa, sifiri. Ɗalibin da ya bi Baron da Kenny zai faɗi tun a matakin farko, ya rubuta cewa noman rani ba shi da tasiri kan lafiyar yara, ya rufe kundinsa. Alhali tasiri biyu ne manya suka cinye juna, kuma da an toshe guda ɗaya da yaran sun ci ribar ɗayan gaba ɗaya.

Wannan ba tatsuniyar allo ba ce kawai. A 2001 masana biyu, Ijumba da Lindsay, suka tattara binciken da aka yi a wuraren noman shinkafa na Afirka, suka tarar cewa a yankunan da zazzaɓi ya riga ya zauna da gindinsa, ƙauyukan ban-ruwa sun fi yawan sauro amma ba su fi yawan cuta ba, wasu ma sun fi sauƙi. Daga cikin dalilan da suka kawo har da cewa masu shinkafa sun fi ƙarfin sayen gidan sauro da magani. Bayan shekara ashirin, a 2022, wasu masana na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan tare da cibiyar AfricaRice suka sake tattara alƙaluma, suka ga cewa a binciken da aka yi daga 2003 zuwa gaba ƙauyukan shinkafa sun fi sauran yawan zazzaɓi. Abin da ake kyautata zato shi ne, da aka fara raba gidan sauro kyauta ga kowa, fifikon da mai kuɗi ke da shi ya ragu, sai hanyar sauro ta fito fili. Wanda jimilla kawai yake kallo zai ce binciken biyu sun ƙaryata juna. Wanda ke kallon hanyoyi ya san ƙarfin hanya ɗaya ne ya sauya.

Saboda haka masana suka koma gwada ninkin zangon nan biyu kai-tsaye. A 1982 Michael Sobel ya kawo gwajin da ake kira da sunansa. Kowace lamba da muka samo daga samfur tana da ma'aunin kuskure, wato gwargwadon yadda za ta iya sauyawa da wasu gidaje muka ɗiba. A ce buhu 10 ɗin nan ma'aunin kuskurensa 4 ne, 0.3 ɗin kuma nasa 0.1. Kowanne shi kaɗai ya tsallake: 10 a raba da 4 ya ba da 2.5, 0.3 a raba da 0.1 ya ba da 3, duka sun haura 1.96 da aka saba sa wa iyaka. Sobel ya ce a ninka 0.3 da kansa, a ninka 4 da kansa, a ninka su biyun, a sami 1.44. A yi haka da 10 da 0.1, a sami 1. A haɗa, 2.44. A nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan, kusan 1.56 ce. Milimita 3 a raba da 1.56, sai ga 1.92. Bai kai 1.96 ba. Zango na farko ya tabbata, na biyu ya tabbata, amma gwajin ya ce babu hanya. Dalili kuwa shi ne Sobel ya ɗauka kuskuren ninkin na bazuwa daidai wa daida hagu da dama, alhali ninkin lambobi biyu yakan karkata gefe ɗaya, musamman in samfur ƙarami ne.

Maganin wannan ya fito daga dabarar da Bradley Efron na Jami'ar Stanford ya ƙirƙiro a 1979, wadda zan kira ɗiba-da-mayarwa. A ce gidaje 300 ka auna. Ka rubuta kowane gida a 'yar takarda ka zuba a ƙwarya. Ka zaro ɗaya, ka rubuta, ka mayar da ita, ka gauraya, ka sake zarowa, har sau 300. Wani gida zai fito sau biyu ko uku, wani ba zai fito ba ko sau ɗaya. Ka lissafa ninkin zangon nan biyu a kan wannan sabon samfur. Kwamfuta ta maimaita maka haka sau 5,000. Ka jera amsoshin daga ƙarami zuwa babba, ka yar da 125 na ƙasa da 125 na sama. In sifiri ba ya cikin abin da ya rage, kana da hujjar cewa ninkin ba sifiri ba ne. Kristopher Preacher da Andrew Hayes ne suka sauƙaƙa wa mutane wannan tun daga 2004, kuma manhajar PROCESS ta Hayes da ake ɗorawa a kan SPSS tana yin sa cikin ƙiftawar ido.

Akwai kuma batun yawan samfur. A 2007 Matthew Fritz da David MacKinnon suka lissafa yawan mutanen da ake buƙata don a sami damar kashi 80 cikin 100 ta gano mahaɗi in zangon biyu duka masu rauni ne. Gwajin Sobel na neman 667. Ɗiba-da-mayarwa da aka gyara wa karkata na neman 462. Matakan Baron da Kenny kuwa, in mahaɗin ne ya ɗauke tasirin duka, suna neman 20,886. Ɗalibin da ya raba takardar tambayoyi 80 a unguwa ɗaya ya tuna da waɗannan lambobi.

Yanzu na zo inda na fi so ku ba ni hankalinku. Duk gwaje-gwajen nan da na lissafa, ba wanda ke tabbatar da sanadi a cikinsu. Abin da suke gaya maka kawai shi ne ninkin ya fi ƙarfin dace. Kibiyar da ke cewa wannan ne ya haddasa wancan kai ka zana ta da hannunka, kwamfuta ba ta san gaba da baya ba. In ka juya kibiyar ka ce lafiyar yara ce ke ƙara buhuna, ita ma za ta iya ba ka amsa mai kyau, kuma ba shirme ba ne: gidan da yaro ke kwance a asibiti lokacin dashe, uwa na jinya, uba na sayar da taki don sayen magani, girbinsa zai ragu. Duk wanda ya auna ruwa da buhuna da dantse a rana ɗaya ba shi da hanyar raba waɗannan labarai biyu.

Ga kuma ɓoyayyen sanadi. A ce ma da ƙuri'a aka raba filayen kanal, yadda ba wanda zai ce masu hali ne suka kwashe. Ƙuri'ar ta tsarkake zango na farko, amma ba ta taɓa na biyu ba, domin ba da ƙuri'a ake samun buhuna ba. Manomin da ke da shanu da ɗa mai aiki a Gusau shi ke sayen takin zamani a kan kari, shi ke girbe buhu da yawa, shi kuma ke kai yaro asibiti tun zazzaɓi bai yi nisa ba. Lissafi zai ce buhuna ne suka ƙara wa yaron kauri, alhali shanun ne suka haifar da duka biyun. Mutane da dama masu digiri ba su lura da wannan ba, suna ɗauka ƙuri'a ta wanke komai.

Sannan akwai abin da littattafan waje ba za su gaya muku ba. Baƙo ya zo da biro da takarda ya tambayi manomi buhu nawa ya samu bana. A yanayin da muke ciki, inda 'yan bindiga ke sa wa ƙauyuka haraji suna kuma bibiyar wanda ya samu, wane mai hankali ne zai faɗi gaskiya? Mai buhu arba'in zai ce "Alhamdu lillahi, an ɗan taɓa." In an matsa masa ya ce goma sha biyar. Ba laifinsa ba ne. Amma in an auna mahaɗi da kuskure, yawanci ƙarfin zango na biyu na raguwa a lissafi, kason da ya ɓace kuma ya koma kan tasiri na kai-tsaye, wato wanda bai bi ta mahaɗi ba, sai mai bincike ya ce abinci ba shi ne hanyar ba. Haka kuma gidajen da suka yi gudun hijira ba sa cikin samfur, kuma sau da yawa su ne abin ya fi shafa.

Masanan zamani sun sake gina batun daga tushe. James Robins da Sander Greenland a 1992, da Judea Pearl a 2001, suka ce a fara fayyace abin da ake nema kafin a taɓa lissafi. Tasiri ta mahaɗi shi ne: ga gida yana da ruwan kanal, a bar masa ruwansa, amma a mayar da girbinsa yadda zai kasance da ba shi da ruwan, yaya dantsen yaron zai sauya? Ba mai iya ganin wannan gida da ido, shi ya sa dole a jingina da sharuɗɗa, babbansu kuwa shi ne babu ɓoyayyen sanadi tsakanin mahaɗi da sakamako. Tunda ba a iya tabbatar da sharaɗin daga alƙaluma, Kosuke Imai da Luke Keele da Dustin Tingley suka kawo a 2010 hanyar tambayar: yaya ƙarfin ɓoyayyen sanadin zai kai kafin amsata ta rushe? In ɗan kaɗan ya isa ya rushe ta, ka faɗa wa mai karatu haka. Manhajarsu tana cikin manhajar lissafi ta R, kuma kyauta ce.

Amma hanyar da na fi yarda da ita mai kula da ƙofofin kanal ya riga mu saninta. In yana son ya san yawan ruwan da ke bi ta wani reshe, sai ya rufe ƙofar reshen ya ga abin da ya sauya. Mu ma muna iya rufe ƙofar sauro da gangan. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, an tsara shi ne don watannin damina. Ƙauyen da ke bakin fangali kuwa ruwansa ba ya ƙarewa da damina. In za a kawo wani ƙarin kariya na rani, ko gidan sauro ne ko sauya yadda ake sakin ruwa don fangali ya riƙa bushewa lokaci-lokaci, kuma kayan ba za su isa kowa a shekarar farko ba, a jefa ƙuri'a a kan wane ƙauye zai fara. Ba a hana kowa ba, an dai yi adalci wajen jeri, kuma bayan shekara za a san nauyin hanyar sauro da hujjar da ta fi ta kowane gwajin Sobel.

Ina roƙon malamaina na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da Jami'ar Jihar Zamfara, da Kwalejin Noma ta Bakura, kada ku sa hannu a kundin da ya yi iƙirarin mahaɗi sai ɗalibi ya zana kibansa tun kafin ya fita fili, ya rubuta ɓoyayyun sanadan da yake tsoro ya kuma auna su, sannan ya auna ruwa lokacin dashe, buhuna lokacin girbi, dantse bayan wasu watanni. Ina roƙon Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su adana rajistar wanda ya sami ruwa da ranar da ya samu, asibitocinmu kuma su riƙa rubuta ƙauyen da kowane yaro ya fito. Iyayenmu hakimai da dagatai, ku ne za ku tsaya wa ɗaliban nan har manomi ya saki jiki ya faɗi gaskiyar girbinsa, ku kuma tabbatar abin da ya faɗa bai fita da sunansa ba.